Inda marini, mai zane da mai buga littafi za su haɗu

Duk wanda ya san Abuja ya san cewa idan katin biki ake son bugawa, ko kalanda, ko fastar ɗan takara, Area 10 ake nufa a Garki, wajen UTC. Idan yadi ne ko ɗinki, sai Kasuwar Wuse, inda teloli ke share ƙyallayen atamfa da shadda kullum da yamma su cusa a buhu. Idan kuma zanen ratayawa a bango ne, ga gidajen baje koli irin Thought Pyramid a Wuse 2 da na Nike Davies-Okundaye a Piwoyi, kan hanyar filin jirgi. Babu wani nisa tsakanin wuraren nan, amma mutanen cikinsu kusan ba su san juna ba. Mai injin buga takarda ɗan kasuwa ne, tela da marini masu sana'a ne, mai zane kuwa ɗan boko ne da ya yi jami'a, kowa da layinsa. A wasu ƙasashe, har da kudancin ƙasar nan, wannan rabuwa ta fara gushewa, kuma ayyukan da suka fi jan hankali a tsakiya suke fitowa, inda rini da zane da bugu suka haɗu a aiki ɗaya. Ina ganin mu Hausawa mun fi kowa kayan yin wannan aiki, mun kuma fi kowa haɗarin a yi shi da hannunmu ba tare da sunanmu ba.

Ga yadda aikin yake. Mai zane zai samo farin akoko ya kai marina a tsoma masa a baba. Ya sassaƙa siffa a kan katako ko roba, ya shafa mata tawada, ya danna a kan yadin kamar hatimi. Sannan ya bi wasu wurare da fenti, wasu da allura da zare. Abin da zai fito ba tufar sawa ba ne, kuma ya wuce a kira shi zanen fenti kawai. A Legas, Marcellina Akpojotor tana tattara ƙyallayen atamfa daga shagunan teloli, ta murɗa su ta manna tare da fenti har fuskokin mata su bayyana. A Mali, Abdoulaye Konaté yana yanka rinanniyar shadda siri-siri ya jera ta, aikin ya rufe bango guda. Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili, tana Amurka tana ɗauko hotuna daga mujallun Najeriya ta mayar da su kan takarda, wani lokaci ta haɗa da irin yadin nan na anko mai hoton mutum a jiki.

Ɗaya ɓangaren shi ne ƙananan masu buga littafi da hannu. Kamfanin Tara Books da aka kafa a Chennai ta Indiya a 1994 yana buga wasu littattafansa shafi-shafi da sikirin, irin wanda ake buga rubutu da shi a rigunan 'yan makaranta, a ɗinke su da zare, sunan mai zanen gargajiyar da ya yi hotunan kuma yana kan bango. A Buenos Aires ta Ajantina, bayan tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, wasu marubuta da masu zane sun kafa Eloísa Cartonera a 2003. Kwali suke saya a hannun masu tsintar bola, irin waɗanda muke kira baban bola a nan, su yanka shi ya zama bangon littafi, su yi wa kowane kwafi fenti daban.

Wanda ya ji waɗannan sunaye zai iya cewa wani sabon yayi ne na waje. To, a je gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ko Arewa House a Kaduna, a nemi ganin tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Alƙur'ani guda na da yakan bi ta hannaye da yawa kafin ya kai ga mai shi. Alaramma ya rubuta da alƙalamin kara da tawadar da aka haɗa da ƙaro. A bi wasulla da ja, a yi zayyana a wuraren hizbi da rubu'i. Ba a ɗinke takardun, sai a sa su cikin tadarishi, wato bangon da ke riƙe su, baduku ya ɗinka gafaka da fatar da majemi ya jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi. Ita kanta takardar, mai tambarin jinjirin wata uku da ake kawowa daga Italiya ta Sahara, tsofaffinta da tsumma ake yin su, shi ya sa ta kai yau ba ta rududduge ba, alhali littafin firamaren da aka buga shekara 30 da suka wuce ya yi ja yana karyewa. Fatar jan akuyar Sakkwato kuwa masu yi wa littafi bango a Ingila sun daɗe suna neman ta ido rufe. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: sau da yawa malamin da ya iya zayyana shi ne ke zana aska takwas da tambari a gaban babbar riga kafin maɗinki ya bi da zare. Hannu ɗaya ne a kan takarda da kan yadi. Ga rini kuma, wanda ake danganta karofin Ƙofar Mata da shekarar 1498, kuma matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da tufafinta suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus.

To me ya raba waɗannan masu sana'a? Abu biyu, a ganina. Na farko, littafin boko da inji ya zo. Daga Kamfanin Gaskiya na Zariya a 1945 zuwa kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, a 1966, littafi ya zama abin da ake bugawa dubbai da araha, kuma wannan alheri ne babba, domin da shi talaka ya yi karatu. Sai dai baduku da mai zayyana ba su da gurbi a cikinsa. Na biyu, makarantar koyon zane ta zo da rabon da Turawa suka yi, inda fenti da sassaƙa suke sama, saƙa da rini da tukwane suke ƙasa. Har yau a Jami'ar Ahmadu Bello sashen da ake koyon fenti daban yake da sashen da ake koyon aikin yadi da tangaran. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun yi wa wannan tsari bore, suka ce kowa ya koma ya ɗebo daga gidansu. Uche Okeke ya ɗauki zanen uli na matan Ibo ya kafa shi a Nsukka. Onobrakpeya ya zama uban masu buga hoto da hannu a ƙasar nan, kuma tun 1998 yake tara masu zane a Agbarha-Otor ta Jihar Delta suna koyon aiki tare. A Ibadan, ƙungiyar Mbari da aka kafa a 1961 ta riƙa buga ƙananan littattafan waƙoƙi, masu zane suna yi musu bango. A Osogbo, Nike ta ɗauki adire, rinin Yarabawa da ake yi wa ado da kokon rogo, ta kai shi gidajen baje kolin duniya. Abin da ke yi mini ciwo shi ne a Zariya aka kunna wannan wuta, kusa da maɗinkan birni da marinan Kano da Kura, amma rininmu da ɗinkinmu ba su sami wanda ya tsaya musu irin wannan tsayuwa ba.

Dalilin da maganar ta taso yanzu kuwa ba na daɗi ba ne. Masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta Kaduna ita ma ta dakatar da aiki a 2007, Kantin Kwari ya cika da atamfar Sin. Marini ba zai taɓa yin gasar araha da wannan ba. Littafi ma haka. Marubutan adabin kasuwar Kano, tun daga shekarun 1980, da kuɗinsu suke buga littattafansu su kai kasuwa, ba su jira wani kamfani ba, amma yau labaran sun koma WhatsApp da manhajojin karatu. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da gazawa, takarda da dala ake shigo da ita, kuma kowa ya ga abin da ya sami naira tun 2023. Kasuwar araha ta kuɓuce wa marini da marubuci duka. Abin da ya rage musu shi ne wanda injin Sin ba ya iya yi, waya kuma ba ta iya ɗauka, wato abin da ake riƙewa a hannu a ji nauyinsa, a ga inda baba ya fi kamawa.

Lissafin ma yana goyon bayan haka. A babban injin Area 10, kuɗin faranti da na saita inji ɗaya ne ko kwafi 50 za ka buga ko 5,000, don haka ƙaramin bugu asara ne. Bugun hannu akasin haka yake. Firam ɗin sikirin da abin jan tawada ba su da tsada, tsadar tana cikin wahalar kowane kwafi, saboda haka kwafi 30 ko 100 shi ne daidai ƙarfinsa. Kuma masu wannan sana'a suna nan a Nyanya da Kubwa da Mararaba, suna buga rigunan kamfe da na gasar makarantu. Ba a dai taɓa kawo musu waƙa ko tatsuniya aka ce su buga ba. Wanda ya sassaƙa haruffansa da hannu ma ya huta da matsalar ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda har yau sukan ɓace ko su canza kama idan aka kai aiki kwamfutar da ba ta san su ba.

Sai dai kada a ɗauka haɗa waɗannan abubuwa sauƙi gare shi. Rini da fenti ba halinsu ɗaya ba. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai an zuba baba da toka a karofi an bar su sun yi kwanaki suna ruɓa kafin ya narke, shi ya sa yadi ke fitowa kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi. Launin a bayan zare yake zama, ba ya shiga ciki sosai, musamman wanda aka buga da shuni don ya yi ƙyalli. Duk wanda ya ga fuskar Buzu mai rawanin turkuɗi ya san yana zuba. A jikin mutum wannan ado ne, amma a bangon littafi yana nufin yatsun mai karatu za su kwashe shi su kai kan farar takarda. Dole a wanke yadin sosai, a bar batun ƙyallin bugu, ko a sa wata takarda tsakani. Rinin zamani da ake yi wa shadda da sinadaran soda da haidiro shi ma idan bai sami ɗauraya mai kyau ba, ragowar sinadarin yana cin zare a hankali. Fentin mai yana ruɓar da auduga idan ba a fara shafa wa yadin abin da zai tare shi ba. Fentin akirilik bai da wannan illa, amma yana sandarar da yadi, ya kashe laushin da aka zaɓe shi dominsa, kuma allura ba ta ratsa shi da daɗi. Shi ya sa jerin aikin yake da muhimmanci: rini tukuna, sannan bugu, sannan ɗinki ko fenti, kuma a jiƙa yadi ya gama tsukewa kafin a taɓa shi, in ba haka ba ranar da ya ji danshi aikin zai tattare.

Yi wa littafi bangon yadi ma da nasa sharuɗɗan. Idan aka shafa gam kai tsaye zai ɓullo ta gaba ya yi tabo, don haka sai an fara manna wa yadin siririyar takarda a baya. Kokon sitaci ya fi dacewa da wannan, amma kyankyaso da gara suna son sa. Yanayin Abuja kuma yana gwada aiki ta fuska biyu. Da hunturu tawada na bushewa a cikin sikirin tun ba a gama jan shafi goma ba, kwalin bango ya lanƙwashe. Da damina, wajen Agusta, funfuna ke kama fata da yadi a cikin kabad. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin mutane, amma ilimin a rarrabe yake. Marini ya san rabi, mai sikirin ya san wani yanki, baduku ya san saura. Mai zanen da ya ɗauka zai iya shi kaɗai, daga kallon bidiyo a intanet, zai yi aikin da ba zai shekara biyar ba.

Wannan ne ya kawo ni inda na fi damuwa. A gidan baje koli, suna ɗaya ake rubutawa a ƙasan aiki. A ce yadin ya shiga karofi sau da yawa a hannun dattijon da ya gaji sana'ar kaka da kakanni, wata mata a cikin gida ta yi ƙullin da ya fitar da adon, wani saurayi ya ja tawada, sannan mai zane ya ɗora nasa ya sa hannu. An biya marini ladan rini kamar yadda ake biyansa na zanin ɗaurawa, an sallami matar, aikin kuma ya tafi wani ofishin jakadanci a Maitama da farashin da su ba za su taɓa ji ba. Masu kare wannan tsari suna cewa tunanin na mai zane ne, shi ya zuba jari, shi zai yi asara idan ba a saya ba, kuma mai sayar da fenti ma ba a rubuta sunansa. Maganar jari da asara gaskiya ce, kuma ban ce a raba kuɗi daidai wa daida ba. Amma kwatanta marini da mai sayar da fenti kuskure ne. Fentin gwangwani iri ɗaya ne ko wa ya sayar da shi. Zurfin shuɗin da mai saye ya tsaya yana kallo kuwa hukuncin mutum ne, shi ya san lokacin da karofi ya nuna da lokacin da za a tsame. Ladi Kwali ta shiga cibiyar tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, kuma hotonta yana kan naira 20 ne saboda tukwanenta da sunanta suka fita duniya. Da an sayar da su a matsayin tukwanen cibiya kawai, da yau babu wanda ya san ta.

A nan littafi ya fi zanen bango. Littafi yana da wurin rubuta sunaye. Magabatanmu masu kwafar littattafai sukan rufe da ambaton sunan wanda ya rubuta da wanda aka rubuta wa, su roƙa wa kansu da iyayensu gafara. Babu abin da zai hana shafin ƙarshe na littafin hannu ya ce wane ne ya rina bangon a karofi kaza, wance ta yi ƙulli, wane ya buga, kwafi kaza aka yi, wannan shi ne na kaza. Wannan lamba da ake rubutawa da fensir, 7/50 misali, alkawari ce cewa ba za a ƙara na 51 ba, kuma darajar aikin duka a kan cika ta take. Idan sunan marini ya shiga littafi, mai saye na gaba zai iya nemansa kai tsaye, farashinsa kuma ya tashi. Na san wannan ne ma dalilin da wasu ba sa son rubutawa.

Wa zai saya? Ana yawan cewa Bahaushe ba ya sayen littafi mai tsada. Amma Bahaushen nan shi ne ke juya hula ya duba cikinta don ya tabbatar ɗinkin hannu ne, ya bambance ta Bama da ta inji daga nesa, ya biya kuɗi mai yawa ba tare da ciniki mai tsawo ba. Idon gane aikin hannu muna da shi, ba a dai saba kai shi kan littafi ba. A Abuja kusan kowane mako ana ƙaddamar da littafi, manya su yi alkawarin miliyoyi a kan kwafin da bangonsa zai ɓare kafin a kai shi mota. Kowane biki ana raba jota mai hoton ango da amarya. Kuɗin yana nan yana yawo, kuma kaɗan daga cikinsa zai riƙe ƙaramin ɗakin bugu shekara guda. Ga iyalan da ba sa son hoton mai rai a gida, wannan fanni ya fi kowane dacewa da su, domin dagi da zayyana da rubutun ajami sun isa su cika shafi. Ibrahim El-Salahi na Sudan daga harafin Larabci ya gina zanensa, har gidan Tate Modern na Landan ya yi masa baje koli na musamman a 2013. Abin kiyayewa kawai shi ne kada a ɗora ayoyin Alƙur'ani a kan abin da zai iya zama shimfiɗa ko mayafin kujera.

Tsoron da nake da shi game da kasuwar shi ne harshe. Idan masu saye na farko baƙi ne da ma'aikatan ƙungiyoyin waje, sannu a hankali rubutun ciki zai koma Turanci, Hausa ta zama ado a bango. Kuma littafin da mutum 50 kawai za su mallaka bai isa ya zama adabin al'umma ba. Mafita ita ce a yi aiki hawa biyu: kwafin hannu kaɗan masu tsada su biya marini da mai bugu da marubuci, sannan matanin ya fita da araha, ko a waya, ga ɗalibin da ke Gwagwalada. Waƙoƙin Nana Asma'u da tatsuniyoyi da kirarin sana'o'i galibi gajeru ne, sun dace da shafi 20 ko 30 da hannu zai iya bugawa.

Akwai kuma doka, wadda masu fara wannan aiki ya kamata su sani tun kafin su yanka yadi. Laburaren Ƙasa ne ke ba da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, kuma dokarsa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi mai zaman kansa ya ajiye kwafi 3 a can. Ga mai buga dubbai wannan ba komai ba ne, amma ga mai kwafi 30 kashi ɗaya cikin goma ne na aikinsa, sai ya sa shi cikin farashi tun farko. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare sabon zanen da mutum ya ƙirƙira, tana kuma da sashe kan fasahar gargajiya da ta al'umma ce, wanda Hukumar Haƙƙin Mallaka ke kula da shi. Ma'ana, aska takwas ba ta wani mutum ɗaya ba ce, ba wanda zai yi rajistarta ya hana maɗinkan Zariya. Amma sabon ƙullin da wata mata ta ƙirƙiro a ɗakinta nata ne, kuma idan za a ɗauki hotonsa a buga a kwafi ɗari, ko a sayar wa kamfanin yadi, sai da yardarta, kuma ya kamata a yi a rubuce, da kason da aka ambata da adadi, da Hausar da za a karanta mata ta gane kafin ta sa hannu.